Kwana Tara da Gwangwanin Ƙwayar Ƙarya

Tun da na dawo ban huta ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a ɗakin malamai a tare ni, har mai wankina ya tsaya da dutsen guga a hannu yana cewa, "Malam Yusha'u, wai da gaske ne an kama ku da ƙwaya?" Abin da ya fi damuna shi ne kowa ya ji labarin sai ya ƙara masa nasa, jiya ma na ji an ce mun kwana uku a ɗaure. To, ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska. Tsarewa an tsare mu. Ɗauri kuwa babu wanda ya ɗaure mu.

Asalin tafiyar ke nan. Kun san yadda makarantun firamare suka tsiro a ƙauyuka shekarun nan, duk inda ka juya sabon kwano na walƙiya. Sai manyanmu na ofis suka ce tunda ga yara an tara, a je a yi musu wasan kwaikwayo a kan lafiya, musamman ƙwayar nan da samarin ƙauye suka ɗauka, wadda suke haɗiya su yi noma tun asuba har magariba ba gajiya. Ni aka ba rubuta wasan, ni aka ba shugabancin tafiyar, don kawai an taɓa ganin na shirya wa ɗalibaina wasa ranar rabon kyauta.

Mu biyar muka tashi daga Zariya cikin wata a-kori-kura ta gwamnati. Akwai Garba Dogo, duba-gari, shi ne Tanko, saurayin da ƙwaya ke lalatawa a wasan. Akwai Ado, masinjan ofishinmu, gajere mai tumbi, shi ne mai tallar ƙwaya. Akwai Sista Ladi, nas ce, asalinta kuwa 'yar wajen Mabai ce ta ƙasar Ƙanƙara, ita ce uwar Tanko. Ni ne likita, ina zuwa a ƙarshe in yi bayani. Na biyar shi ne direbanmu Baba Iro, dattijo mai furfura a gemu, tsohon direban manyan motoci, wanda tun daga Zariya har Funtuwa bai ce mana komai ba sai "Ku riƙe da kyau."

Gaskiya ya faɗa. Ƙarshen damina ne, hanya duk ta zaizaye, shi kuwa tafiya yake kamar ana binsa. Ado ya sayi sabon takalmi mai tudu da kuɗin ƙarin albashin nan, ya sa wando mai faɗin ƙafa don mutanen ƙauye su san ɗan birni ya zo. Kafin mu kai Ƙanƙara taɓo ya mai da wandon kala biyu, takalmin kuwa ƙafa ɗaya ta rabu da tudunta, ya shiga gari yana ɗingishi kamar agwagwa.

A Ƙanƙara hedimasta ya sauke mu maza a wani sabon aji da ko allo ba a kafa ba, Sista Ladi kuma ya kai ta cikin gidansa. Mutanen nan akwai karamci, amma gaisuwarsu ba ta ƙarewa. Mu a Zariya ka tambayi gida da aiki ka wuce. Can sai an tambaye ka gajiya, da ruwa, da ɗan kwana biyu, da waɗanda ka baro, a koma kan gajiyar. Ga harshensu: wani dattijo ya dube ni ya ce, "Mi kunka zo yi da wanga tulin kaya?" na tsaya ina kallonsa sai da Sista Ladi ta fassara mini. Fura kuwa ban taɓa shan irinta ba, nono har yana kama cokali. Garba ya sha ƙwarya biyu ya ce shi a bar shi nan ya yi ritaya.

Washegari da hantsi muka yi wasan farko a gindin wata ɗorawa. Ado ya fito da gwangwaninsa cike da ƙwayoyin ƙarya, waɗanda Sista Ladi ta mulmula da garin alkama da sukari, ta rina su ja da rawaya. Ya buɗe murya: "Ga maganin gajiya! Ɗaya ka nome gonarka, biyu ka nome ta surukinka, uku ka nemi wata!" Yara suka kwashe da dariya har wasu na faɗuwa daga benci. Garba ya saya ya haɗiya, ya kama noma, ya sare dawa ya bar ciyawa, ya dubi uwarsa ya kira ta Sarkin Pawa, daga ƙarshe ya faɗi yana shure-shure. Da na fito da farar riga na fara jawabi, sai na ga rabin yaran sun juya suna kallon wata akuya.

Ba wannan ne ya tayar mana da hankali ba. Muna tattara kaya sai wani magidanci ya ja Ado gefe, ya rage murya ya ce, "Malam, ta jan nan nika so, guda huɗu." Ado ya rantse masa gari ne da sukari, mutumin ya ce ya gane, ai ba a faɗi gaban hukuma, su zaga bayan aji. Kafin a gama da shi kuma yara sun gano gwangwanin, sun wawushe rabi, suna ta shelar ƙwaya zaƙi gare ta. Sista Ladi ta dafe kai. "Mun zo hana su, mun koya musu tana da daɗi!" Da yamma ta aika aka samo mata ɓawon maɗaci, ta daka ta mulmula sababbi. Ado ya lasa ɗaya, ya yi ta tofar da yawu har isha'i.

Kwana biyu muka yi muna zaga makarantun wajen, na uku muka je Pauwa. Can bayan wasa wani tsoho da ake kira Baba Nomau ya ce lallai sai mun taka gidansa. Gidan nasa yana cikin gonaki, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, mutanensa masu bin addinin gargajiya ne, ko da yake ya nuna mana ɗansa ɗaya da ya musulunta, ɗaya kuma mai zuwa coci, duk tukunyarsu ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki matan gidan: kowace da gonarta, da fartanyarta, ta shigo ta gaishe ka ta kama hannun aikinta ba wani lulluɓi. Ni da na tashi a cikin birni na rasa inda zan sa idona.

Aka kawo ƙwarya mai kumfa aka dire gaban Garba. Ya ɗauka kunu ne, ya yi bisimilla, ya kai baki. Sista Ladi ta fizge ƙwaryar. "Dogo, giya ce!" Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka kawo mana ruwa da dafaffiyar gyaɗa da zabi biyu. Sa'an nan ya gyara zama ya ce da ni, "Malam, wasanku ya yi kyau, amma ba ku san abin ba sosai. Da in an yi gayya, kiɗa ka ba yaro ƙarhi. Yanzu sai ya haɗiyi abin ga, ya wuce makaɗi, ya wuce kunya, ya gama bai san ya gama ba. Shekara biyu ka gan shi ya tsotse kamar rake. Jikana guda haka ya yi." Ya nuna wani saurayi zaune a inuwar rumbu yana ta murza haƙora, bai ko ɗago ba. Dariyarmu ta ɗan tsaya a wurin.

Daga nan muka nufi Faskari, a hanyar ne abin da kuke ta tambaya ya faru. Kusa da inda hanya ke haɗuwa da babban titin Gusau, wajen iyakar jiha, muka tarar da shinge. Wani saje ya leƙa bayan mota, ya buɗe akwatin kayan wasa. Abin da ya fara cin karo da shi gwangwanin Ado ne. Ya buɗe, ya ga ja da rawaya fal. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Na wane ne?"

Duk muka nuna Ado. Ado ya nuna Sista Ladi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ƙarya ce, gari ne kawai. Ɗanɗana ka ji."

Na manta da maɗacin. Saje ya jefa ɗaya a baki, ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri guda. "Gari? Wane gari ne da ɗaci haka? Ku sauko!" Takardarmu ta ofis kuwa ruwa ya jiƙa ta tun a Ƙanƙara, hatimin ya zama kamar an zubar da shuni. Na yi bayani, na sake, bai gamsu ba. Can Sista Ladi ta ce, "To a bar mu mu yi wasan ya gani mana."

Haka muka yi shi a bakin titi, rana tsaka. Motoci suka tsaya, masu tallar rake suka kewaye mu, wasu Fulani da ke kora shanu kasuwa suka jingina da sandunansu. Tsoro ya sa Ado ya yi tallar da bai taɓa yin irinta ba. Da Garba ya dubi Sista Ladi ya kira ta Sarkin Pawa, saje ya riƙe ciki ya zauna a kan gangar shingen. Ko jawabina bai bari na fara ba. Ya share ido ya ce, "Ku tafi, ku tafi kafin ku kashe ni." Har rake ya saya mana.

Muna ta shewa a mota, sai da muka yi nisa na lura Baba Iro bai yi dariya ba ko sau ɗaya, gumi kuwa ya jiƙa masa riga. Ya gangara gefen hanya ya kashe mota. Ya cire hularsa, ya zaro wani ƙullin takarda daga naɗin cikinta, ya buɗe. Ƙwayoyi ne 'yan ƙanana, ba ja ba rawaya, kuma ba Sista Ladi ta mulmula su ba.

Ya ce, "Da sajen nan ya ce in cire hula, da yau kun ga wasan gaske."

Ni dai sai na tuna gudun da ya yi ta yi da mu tun daga Zariya. Na kuma tuna ni ne shugaban tafiya, in na rubuta wannan a rahoto aikinsa ya ƙare, ga shi da iyali. In ban rubuta ba kuma gobe ya kifar da wasu, da wane ido zan dubi kaina?

Sista Ladi ce ta yi magana. "Baba, yaushe rabonka da barci na kirki?"

Ya ce, "'Yata, tun ina jan gyaɗa zuwa Ikko na fara. Mai mota na son ka je ka dawo kwana huɗu. Yanzu ko ba tafiya, in ban sha ba ji nake kamar an ɗaura mini dutse." Ya miƙa mata ƙullin. "Riƙe. Sau shida ina kallon Dogo yana faɗuwa, na gaji da kallon kaina."

Ta karɓa ta ce ba za ta ɓoye masa ba, zai sha wuya kwanakin farko. Ni kuma na ce daga yau ba ya wuce gudun keke, kuma duk inda barci ya kama shi ya tsaya. Maganar rahoto na bar ta a cikina.

Faskari muka kwana biyu a gidan wani Alhaji mai sayen auduga, wanda ya sayo sabuwar rediyo mai kaset, ya ɗauki muryar Ado yana talla, ya yi ta kunna wa baƙi har Ado ya fara tsoron fita kasuwa. Gari ne mai duwatsu, tuwonsu na dawa da miyar kuka da man shanu, in ka ci sai ka nemi bango. Baba Iro kuwa in ba tuƙi yake ba yana kwance ƙarƙashin mota, ga fushi, ko sannu ka yi masa sai ya harare ka.

Hanyar Sabuwa ita ce ta gwada mu. Muka koma ta Funtuwa muka bi ta Dandume, daga can kuma sai laka. A wani rafi motar ta kafe har gindi. Muka tuɓe muka shiga turi, wasu manoma suka zo suka taimaka, ruwa ya tafi da ɗayan takalmin Ado, shi kuma ya tsaya yana yi masa kirari. Da muka fito, Garba Dogo, duba-gari guda, wanda aikinsa ke nan hana mutane shan ruwan da ba a tace ba, ya durƙusa ya kafa kai a rafin ya sha ya ƙoshi. Sista Ladi ta ce, "Dogo!" Ya ce ai ruwa mai gudu ne.

Ai kuwa ya gudu da shi. A Sabuwa aka ba mu ɗaki a bayan ɗakin shan magani, Garba bai ga komai na garin ba sai hanyar bayan gida. Washegari kuma Damari ake jiranmu, wasanmu na ƙarshe, an riga an yi shela. Muka bar shi kwance da kwanon ruwan gishiri da sukari, muka tafi ba Tanko.

Ban taɓa ganin taro irin na Damari ba. Makarantu uku aka haɗa, ga iyaye, ga samari sun ajiye fartanya, har kan katanga mutane. Na ce da Ado ko zai yi Tanko. Ya ce to wa zai sayar masa, kansa? Ina cikin zufa sai na ji murya a bayana.

"Ba ni rigar."

Baba Iro ne. Na ce, "Baba, Tanko saurayi ne."

Ya ce, "Ni ma na taɓa yi."

Da ya fito da 'yar shara da fartanya, ga furfura, Sista Ladi kuma ta ce masa, "Tanko ɗana, ka karya kumallo?" sai wurin ya ɓarke. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Wagga uwa ta haihu tun ba a haihe ta ba!" Amma da ya haɗiyi ƙwayar Ado ya fara, sai dariyar ta canja. Garba tsalle-tsalle yake yi, shi kuwa Baba Iro ba haka ya yi ba. Ya dinga murza haƙora, yana sosa wuya, yana waiwaya kamar an kira shi, yana kaɗe wani abu daga kafaɗa wanda babu shi. Na ga samarin da ke baya sun daina murmushi suna satar kallon juna. Ya yi noman, ya sare dawar, ya faɗi. Na gyara farar rigata zan fito.

Sai ya tashi zaune a cikin ƙasa, ya ɗaga mini hannu. "Dakata, likita."

Ya dubi yaran ya ce, "Ni ba Tanko ba ne, sunana Iro, direba ne ni. Wadda na sha yanzu gari ce. Amma na sha ta gaske shekara da shekaru. Wata rana da rana tsaka, ina jan gyaɗa, kwanana uku ban runtsa ba, sai na ga hanya ta rabu biyu. Na zaɓi mai kyan, na bi. Ashe ita ce babu." Ya buɗe baki ya nuna musu giɓin haƙoransa na sama. "Guda huɗu na bari a can. Abokina Mamman da ke gefena yana barci, shi bai tashi ba."

Can wani saurayi daga baya ya ce, "Baba, to ka bari?"

Baba Iro ya ƙirga a yatsunsa. "Yau kwana huɗu. Jikina kamar an yi mini duka, kuma in na ce maka ba na sonta na yi ƙarya. Gobe ban sani ba. Amma yau huɗu."

Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "To likita, zo ka yi naka." Na fito na ce su tafa masa kawai. Suka tafa har tsuntsaye suka tashi daga itace. Bayan an watse samari kusan goma suka kewaye shi da Sista Ladi a gindin mota suna tambaya a hankali, malamin makarantar kuma ya kwafe wasan a littafinsa ya ce yaransa za su riƙa yi ranar kasuwa. Gwangwanin ma shi muka bar wa.

Dawowarmu abin dariya ce. Tafiyar yini ɗaya ta ci mana biyu. Kowace awa biyu sai Baba Iro ya gangara gindin itace ya ce, "Ya zo," ya shimfiɗa buzu ya yi ta minshari. Mu huɗu mu zauna muna gadinsa, Ado ba takalmi yana kore masa ƙuda da hula, Garba a rame yana gunagunin an ƙwace masa wasa yana kwance. Masu keke suna wuce mu, mu tarar da su, su sake wuce mu, har muka saba muna gaisawa.

Da na kai rahoto, babbanmu ya duba ya ce, "Malam Yusha'u, kwana takwas aka ba ku, kun yi tara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, direba ne ya yi ta barci a hanya."

Ya cire tabarau. "Barci? Kuna ina?"

Na ce, "Muna yi masa fifita." Sa'an nan na rufe ƙofa na gaya masa komai, har abin da ke cikin hular, don na ga ba ni da ikon ɓoyewa. Na roƙe shi kada a kore shi. Ya ce a ɗauke shi daga doguwar tafiya wata uku, ya riƙa zuwa wurin Sista Ladi duk mako, in ta ce ya daina sha a mai da shi. Baba Iro ya yi fushi da ni kwana biyu, na uku ya aiko mini da goro.

Shekaranjiya ina tsaye a bakin titi wajen Tudun Wada sai ga a-kori-kurar tana tafe a hankali, jerin motoci a bayanta suna ta danna masa ƙaho. Bai tsaya ba. Ya dai leƙo da kai ta taga, ya washe giɓin nan, ya ƙwala mini kira yadda duk titin sai da ya waiwayo:

"Malam! Yau ashirin da shida!"